Har tsawon wane lokaci ɗan kasuwa zai iya cirar kuɗi a katinka? Tambayoyi da amsoshi

Na'ura ta ce an amince, ka karɓi rasit ka kama gabanka. Kwana uku, kwana biyar, ka duba asusu ka ga kuɗin na nan daram, ko kuwa ya fita sannan ya dawo. Sai da ka manta da zancen gaba ɗaya, wata safiya alat ya faɗo: an cire. Duk wanda ya daɗe yana amfani da kati ya taɓa gamuwa da irin wannan, ko ya ji wani na kusa da shi yana kuka da shi. Daga nan sai tambaya ta biyo baya: wai shin babu wa'adi ne? Mutum zai iya ajiye cinikinka a aljihu har sai ranar da ya ga dama?

Ga tambayoyin da aka fi yi a kan batun. Inda na ambaci dokar wata ƙasa, ta ƙasar ce kaɗai. Ƙa'idojin kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard kuwa suna bin katin duk inda ya je, sai dai akan sabunta su lokaci zuwa lokaci.

Akwai wa'adin da idan ya wuce ɗan kasuwa ba shi da ikon cirar kuɗin?

Akwai wa'adi, amma ba ya yi maka aikin da kake fata. Kamfanonin kati ne suka gindaya shi a cikin ƙa'idojin da suka ƙulla da bankuna, bankunan kuma suka ɗora wa 'yan kasuwar da suka ba na'urar karɓar kati. Kai ba ka cikin wannan yarjejeniya. Idan ɗan kasuwa ya makara, abin da ya rasa shi ne tabbacin cewa bankinka zai biya shi ba gardama. Kuɗin kayan da ka karɓa kuwa yana nan a wuyanka. Yawancin rikicin da ake yi a kan wannan batu daga haɗa waɗannan abubuwa biyu yake tasowa.

To me yake faruwa tsakanin lokacin da na sa kati da lokacin da kuɗin ya fita da gaske?

Biyan kuɗi da kati hawa biyu ne, ko da yake a idon mai saye kamar abu ɗaya ne.

Hawa na farko shi ne neman amincewa. Da ka sa katin a na'ura ko ka rubuta lambobinsa a shafin intanet, saƙo yana tashi daga bankin ɗan kasuwa, ya bi ta kamfanin katin, ya isa bankin da ya ba ka kati: wannan katin yana aiki? Akwai kuɗin da zai isa? Idan bankinka ya ce e, sai ya ba da lambar amincewa, wadda sau da yawa za ka gan ta a jikin rasit, sannan ya killace adadin a gefe don kada ka kashe shi. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi ne. A nan ne alat yake shigowa, mutum ya ɗauka an gama. Alhali ko sisi bai bar bankinka ba tukuna. An dai ɗora masa hannu.

Hawa na biyu shi ne karɓar kuɗin. Ɗan kasuwa yana tattara cinikin da ya yi, galibi a ƙarshen yini, ya tura wa bankinsa, bankin ya miƙa wa kamfanin kati, shi kuma ya lissafa abin da kowane banki ke bin wani. Sai a lokacin kuɗin yake tashi daga asusunka da gaske, ya bar sahun "yana jira" a manhajar banki ya koma cikin cinikin da aka kammala. Idan komai ya tafi daidai, kwana ɗaya zuwa uku ne.

Akwai hanyoyin da ake haɗa hawa biyun a saƙo ɗaya, kamar cirar kuɗi a ATM da wasu cinikin katin cirar kuɗi da ake sa lambar sirri. Su ba su cika kawo wannan matsalar ba. Duk wata rigimar jinkiri a tazarar da ke tsakanin hawa na farko da na biyu take zaune.

Kwana nawa amincewar take yi kafin ta mutu?

Ya danganta da katin da kuma irin cinikin. A wajen Mastercard, amincewar ciniki na yau da kullum kwana 7 take yi, irin wadda ake nema tun kafin a san adadin ƙarshe kuma kwana 30. Visa, a tsarin da ta fara aiki da shi a 2024, tana ba cinikin da aka yi da kati a hannu kwana 5, wanda mai kati ya yi ta intanet kwana 10, otal da kamfanin hayar mota da jirgin ruwan yawon shaƙatawa kuma kwana 30.

Bankinka yana da nasa tsarin na sakin kuɗin da ya killace, kuma ba lallai ya zo daidai da waɗannan kwanaki ba. Wani bankin yana saki da wuri. Shi ya sa za ka ga kuɗi ya dawo alhali ɗan kasuwa bai ma makara ba.

Kuɗin da aka riƙe ya dawo asusuna. Zan iya kashe shi?

Kada ka kashe. A nan mutane suka fi faɗawa rami, ni ma na taɓa faɗawa.

Na kwana uku a wani otal, na biya da katin cirar kuɗi ranar da zan fita. Alat ya shigo, na ninke rasit na jefa a jaka. Bayan kusan mako guda na buɗe manhajar banki sai na ga kuɗin ya dawo cif, babu ko alamar sunan otal ɗin. Na san sarai ban biya ba, amma zuciya ta raya mini cewa wataƙila na'urarsu ce ta haɗiye cinikin, rabona ne ya rantse. Na shiga hidimomina da kuɗin. Mako biyar bayan haka, ina tsaye a layin biyan kuɗi da kaya a hannu, na'ura ta ƙi katina har sau biyu, mutanen da ke bayana suna ta gyaran murya. Da na koma gefe na duba waya, ga sunan otal ɗin ya fito, da ranar da na bar shi, an kwashe adadin tun da asuba. Na kira banki cike da fushi. Ma'aikaciyar ta saurare ni har na gama, sannan ta yi mini tambaya ɗaya: "Yallaɓai, ka kwana a otal ɗin?" Na ce na kwana. Daga nan bakina ya mutu.

Lissafin mai sauƙi ne. A ce akwai 1,000 a asusunka, ko da wane irin kuɗi kake mu'amala, ka yi cinikin 400. Banki zai nuna maka 600 ne za ka iya taɓawa. Idan amincewar ta mutu ba a zo karɓa ba, sai ka sake ganin 1,000. Ka kashe 800, saura 200. Ranar da cinikin 400 ya iso, bankuna da yawa za su biya shi duk da haka, su bar asusunka da giɓin 200, wani lokaci har da tara a kai. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Abin da ya fi shi ne ka rubuta adadin a wani wuri, ka ɗauka babu shi.

Me ke sa ɗan kasuwa ya yi jinkiri haka?

Mafi yawa sakaci ne ko tangarɗar na'ura, ba mugunta ba. Ma'aikaci ya manta bai rufe cinikin yini ba. Na'ura ta lalace da ciniki a cikinta, sai da aka gyara ta suka fita. An karɓi kati a inda babu sadarwa, kamar cikin jirgin sama ko jirgin ruwa, sai an sauka a tura. Kamfani ya sauya bankin da ke karɓar masa kuɗi, wasu cinikin suka maƙale a tsakani, sai da akanta ya zo daidaita littafi a ƙarshen wata uku ya gano su. Akwai kuma masu sayarwa ta intanet da ba sa karɓar kuɗi sai ranar da suka aika kaya, wanda hali ne mai kyau ma. Ɗan kasuwa ba ya cin ribar jinkiri. Kuɗinsa ne yake kwana a waje.

An cire mini kuɗi bayan wata uku. Zan iya sa banki ya dawo da shi saboda an makara?

Za ka iya kai ƙorafi, amma kada ka sa rai da yawa. Makara wajen gabatar da ciniki tana cikin dalilan da kamfanonin kati suka yarda banki ya mayar wa ɗan kasuwa da cinikinsa. Sai dai an tsara wannan dama ce don kare bankin kansa daga asara. Yadda aka daɗe ana aiki da ita shi ne: idan ciniki ya makara kuma ya tarar an rufe asusun ko asusun ya shiga matsala, bankin yana iya mayar da shi. Idan asusunka lafiya lau yake kuma akwai kuɗi, yawanci biya kawai zai yi. Iyakar da aka daɗe da sani a Visa da Mastercard ita ce kwana 180 daga ranar ciniki, wato kusan wata shida. Cinikin da ya haura wannan ya fi sauƙin mayarwa.

Wannan wata shidan ya yi kama da na cak. A dokar kasuwanci ta Amurka, banki ba dole ne ya biya cak ɗin da ya wuce wata shida ba, kuma ƙasashe da dama haka suke yi. Amma kowa ya san tsufan cak ba ya goge bashin da aka rubuta shi a kai.

Idan jinkirin ya jawo maka tara, wannan kam ka nemi a yafe. Ka nuna ranar ciniki da ranar cira, ka roƙi bankin ya janye tarar, ko ɗan kasuwan ya ɗauki nauyinta. Sau da yawa ana dacewa, musamman idan karo na farko ne.

Idan banki ya dawo mini da kuɗin, shi ke nan na huta?

A'a. An rufe wa ɗan kasuwa ƙofar kati ne kawai. Yana iya aiko maka da takardar neman biya, ya miƙa zancen ga masu karɓar bashi, ko ya je kotu. Wa'adin da ke iya ɗaure masa hannu shi ne na dokar ƙasa a kan shigar da ƙarar bashi, kuma shi da shekaru ake ƙirga shi. A Ingila da Wales shekara 6 ne a ƙarƙashin dokar 1980, a Scotland shekara 5, a Jamus wa'adin gama-gari shekara 3 ne daga ƙarshen shekarar da bashin ya tabbata. A Amurka kowace jiha da nata, sai dai cinikin kaya galibi shekara 4 ne.

Ni dai ra'ayina, wanda ya karɓi kaya ya amfana da su bai kamata ya fake da makarar mai kaya ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da kake da haƙƙi a kai shi ne kada a cire fiye da abin da kuka yi, kada a cire sau biyu, kada kuma sakacin wani ya jawo maka asara.

Akwai bambanci tsakanin katin bashi da katin cirar kuɗi a nan?

A wajen wa'adin ɗan kasuwa kusan babu. A wajen zafin abin kuwa akwai sosai. Idan katin bashi ne, abin da aka riƙe daga cikin iyakar rancen da banki ya ba ka ne, kuɗin banki ke nan, cinikin da ya makara kuma zai fito ne a takardar bayanin wata, ka samu kwanaki kafin ranar biya. Idan katin cirar kuɗi ne, guminka aka riƙe, kuma ranar da aka zo cira ba sallama. Shi ya sa masu yawan tafiya suka fi son miƙa katin bashi a otal da wajen hayar mota.

Na bar otal, ko na mayar da motar haya, sai ga ƙarin caji daga baya. Ya halatta?

Yana iya halatta, domin a takardar da ka sa wa hannu ranar shiga akwai layin da ya ba su izinin hakan, layin da kusan babu mai karanta shi. Abin sha da aka ɗauka a firjin ɗaki, man da ba a cika wa mota ba, kuɗin hanya, tarar gudu ko ta ajiye mota da hukuma ta aiko wa kamfanin bayan makonni, duk suna shiga nan. Visa ta ba irin wannan caji na baya kwana 90 daga ranar barin otal ko mayar da mota.

Cajin ɓarna shi ya fi jawo faɗa. Kamfanin haya ba zai wayi gari kawai ya zari kuɗi ya ce ka ƙuje ƙofa ba. Ƙa'idojin kati suna neman ya nuna hujjar ɓarnar da ƙiyasin gyara, ya kuma sanar da kai. Maganin wannan tun a filin ajiye mota yake: ka zagaya motar da waya ka ɗauki hotonta ta kowane gefe, da allon mai da na nisan tafiya, ranar karɓa da ranar mayarwa. Minti biyu ne. A otal kuma ka karɓi rasit na ƙarshe mai nuna babu sauran abin da ake bin ka, ka tambayi na kan teburi ko ya saki kuɗin ajiyar da aka riƙe ranar shiga. Idan bai sake shi ba, sai ka jira amincewar ta mutu da kanta, wanda kan iya kai wata guda.

A famfon mai na sa-kati-da-kanka an riƙe fiye da abin da na sha. Me ya sa?

Famfon bai san nawa za ka sha ba, don haka yake neman amincewar adadi mai tsoka tun farko, sannan ya aika ainihin adadin bayan ka gama. Yawanci cikin sa'o'i kaɗan ake sakin ragowar, wani bankin kuma sai ya kwana biyu.

Mai sayarwa ta intanet yana da ikon cirar kuɗi kafin ya aiko da kaya?

Yana yiwuwa, musamman a kayan da ake yin oda tun kafin su fito ko waɗanda sai an ƙera, in dai ya bayyana maka hakan. A nan wa'adin da ya fi muhimmanci shi ne na isar da kaya. A Amurka, ƙa'idar hukumar kasuwanci ta tarayya ta ce ya aika cikin lokacin da ya yi alkawari, idan bai faɗi lokaci ba to cikin kwana 30, in ya kasa ya sanar da kai ya ba ka zaɓin fasawa a dawo maka da kuɗinka. Tarayyar Turai ma kwana 30 ta sa idan ba a yi wata yarjejeniya dabam ba.

Ni kuma wa'adin nawa nake da shi na ƙalubalantar cirar da ban yarda da ita ba?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara da ita, domin a duk agogunan da ke cikin wannan harka, naka ne kaɗai idan ya buga ƙofa take rufuwa da gaske. Ɗan kasuwan da ya makara yana da wata hanyar. Kai idan ka makara, sau da yawa sai haƙuri.

A ƙa'idojin Visa da Mastercard, yawancin ƙorafe-ƙorafe kwana 120 ne. Amma wannan wa'adin bankinka ne na shigar da maganar a wajen kamfanin kati, shi kuma bankin yana buƙatar lokacin duba takardu, saboda haka yakan yanka maka wa'adin da bai kai haka ba. Duba sharuɗɗan da aka ba ka tare da katin.

Dokokin ƙasashe kuma suna da nasu. A Amurka, dokar 1974 mai kare masu katin bashi ta ba ka kwana 60 daga ranar da aka aiko takardar bayanin da kuskuren ya fara fitowa a ciki, kuma a rubuce ake so. Bankin zai amsa cikin kwana 30, ya warware cikin zagaye biyu na takardar bayanin wata, kada ya wuce kwana 90. Katin cirar kuɗi a can ya fi tsanani. Idan katin ya ɓata ko aka sace, ka sanar cikin ranakun aiki 2 da ganewa, asararka ba za ta wuce dala 50 ba. Ka wuce haka, tana iya kai dala 500. Ka bar kwana 60 suka wuce bayan takardar bayani ba ka ce uffan ba, abin da ɓarawo ya ci gaba da kwasa yana iya zama naka gaba ɗaya.

A Tarayyar Turai da Birtaniya an fi sassauci: wata 13 daga ranar cira idan ba da izininka aka yi ba, da sharaɗin ka sanar da zarar ka lura, bankin kuma ya mayar da kuɗin kafin ƙarshen ranar aiki ta gaba sai in yana da dalilin zargin zamba. Akwai kuma wata dama ta mako 8 ga wanda ya ba da izini ba tare da an faɗi adadi ba, sannan aka cire abin da ya zarce hankali, irin abin da kan faru a otal. Birtaniya tana da ƙarin gata ga masu katin bashi a sashe na 75 na tata dokar ta 1974: idan kayan ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, kamfanin da ya ba ka katin yana ɗauke da alhaki tare da mai sayarwa idan aka saɓa yarjejeniya, ko da mai sayarwar ya karye.

Duk waɗannan lambobi iyaka ce ta ƙarshe. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe: ranar da ka gani, ranar za ka yi magana.

Idan ɗan kasuwa ya makara da wata biyu, ya cinye mini wa'adina ke nan?

A'a. Ƙirgar kwana 120 galibi daga ranar da aka kammala cinikin take farawa, wato ranar da ya shiga asusunka da gaske. Idan kuma maganar kayan da ba su iso ba ce, ko hidimar da ba a yi ba, ana iya farawa daga ranar da aka yi alkawarin isarwa. Wanda ya sayi tikitin tafiyar da za a yi bayan wata takwas sannan kamfanin ya rushe bai makara ba. Visa dai ta sa rufi a kan irin wannan: kwana 540 daga ranar da aka kammala cinikin.

Na ga an cire sau biyu.

Kafin ka ɗaga hankalinka, duba ko ɗayan yana sahun masu jira. Idan haka ne, amincewa biyu ce aka nema, wataƙila na'ura ta tsaya a karon farko aka sake sa katin, ɗayar kuma za ta faɗi da kanta. Idan duka biyun sun kammala, wannan kuskure ne tsantsa, kuma yana cikin ƙorafin da ya fi saurin warwarewa. Ka fara da ɗan kasuwan, domin shi yana iya mayarwa cikin kwanaki, hanyar banki kuwa makonni take ɗauka. Idan ya yi maka kunnen uwar shegu, ka tafi banki da rasit da shaidar cewa ka neme shi.

Na mayar da kaya. Kwana nawa kafin kuɗina ya dawo?

Mayarwa tana bin hanyar da biya ya bi ne, amma ba ta da gaggawarsa. Yawanci 'yan kwanakin aiki ne, wani lokaci har mako biyu. A Amurka, a katin bashi, ɗan kasuwa yana da ranakun aiki 7 ya tura bayanin mayarwa, bankinka kuma ranakun aiki 3 ya saka a asusunka. A Tarayyar Turai da Birtaniya, wanda ya sayi kaya daga nesa yana da kwana 14 na fasawa, mai sayarwa kuma kwana 14 na mayar da kuɗi, ko da yake yana iya jira sai kayan sun dawo ko ya ga shaidar an aiko su. Ka karɓi rasit na mayarwa. Idan an daɗe shiru, ka nemi ɗan kasuwa ya ba ka lambar bin sawun cinikin, da ita bankinka zai gano inda kuɗin ya maƙale.

Katina ya ƙare aiki, ko na rufe asusun. Tsohon ciniki zai iya biyo ni?

Zai iya. Katin da ya ƙare aka sabunta, asusun bai canja ba, cinikin da aka amince da shi tun katin yana raye zai shiga. Idan asusun ka rufe, sharuɗɗan yawancin bankuna sun ce kana ɗauke da nauyin duk cinikin da ka yi kafin rufewa, don haka bankin yana iya biya ya aiko maka da takarda, ko ya mayar wa ɗan kasuwa shi kuma ya neme ka. Kafin ka rufe asusu, ka bi rasit ɗinka na watannin baya ka tabbata kowanne ya fito.

Biyan wata-wata fa? Yaushe izinin da na bayar yake ƙarewa?

Ba ya ƙarewa sai ka janye shi. Mutane da yawa suna zaton idan katin ya mutu ko aka sauya lamba cirar za ta tsaya. Visa da Mastercard suna da tsarin da ke sanar da 'yan kasuwa sabuwar lambar katinka kai tsaye idan bankinka yana ciki, sai ka ga an ci gaba da cira kamar ba a yi komai ba. Ka soke a wajen kamfanin, a rubuce, ka ajiye saƙon tabbatarwa da ranarsa. Duk abin da aka cire bayan wannan rana kana da hujjar ƙalubalantarsa. A Birtaniya kana iya umartar bankinka ya tsayar da irin wannan cira kuma dole ya tsayar, sai dai hakan bai warware kwantiragin da ke tsakaninka da kamfanin ba idan da sauran wa'adi. Game da gwajin kyauta da ke rikiɗewa ya zama biya, tun 2020 Visa ta wajabta wa 'yan kasuwa su tunatar da mai kati aƙalla kwana 7 kafin su fara cira.

Na yi ciniki da kuɗin wata ƙasa, adadin da aka cire ya bambanta da na alat ɗin farko.

Alat na farko ƙiyasi ne da farashin canjin wannan rana. Idan ciniki ya daɗe kafin a kammala shi, yawanci farashin ranar kammalawa ake bi, ga kuma ladan da bankinka ke ɗorawa a kan cinikin waje. Bambancin yana iya zuwa ta inda zai yi maka daɗi ko akasin haka.

Ni ɗan kasuwa ne. Na gano cinikin da ban tura ba tun watannin baya. Yaya zan yi?

Kada ka tura shi da tsohuwar lambar amincewa ka yi shiru. Ta riga ta mutu, bankin mai katin yana iya mayar maka da shi, bankinka ya caje ka kuɗin rigima, kuma yawan irin wannan yana ɓata maka suna a wajen kamfanonin kati har ya kai ga a ƙwace na'urar. Ka fara kiran bankin da ya ba ka na'ura ka gaya musu ranar cinikin da adadinsa. Sannan ka nemi mai sayen, ka gaya masa gaskiya cewa kuskuren daga wajenka ne, ka tura masa hoton rasit, ku tsayar da ranar da za a cire da sabuwar amincewa. Wanda aka sanar da shi yakan shirya kuɗin ya biya ba musu. Wanda alat ya tasa daga barci da sunan shagon da ya manta da shi kuwa, banki zai fara kira ya ce an yi masa sata, su toshe katin, kai kuma a ba ka 'yan kwanaki ka kawo hujja. Idan rasit ɗin irin na takardar na'ura ne, ka ɗauki hotonsa tun yau, domin rubutunsa kan dushe cikin 'yan watanni.